Kwana Bakwai Kafin Suna

Yawancin ɗaliban da za su karanta wannan mujalla ba su yi aure ba tukuna, saboda haka wani zai ce ina ruwansa da zancen jariri. To, ku dubi 'yan ajin ƙarshe. Nan da shekara biyar ko shida da yawa daga cikinsu sun zama iyaye. Sauran kuma suna da yayye da matan yayye masu haihuwa, kuma a gidaje da yawa na ƙasar Daura ɗan makaranta ake miƙa wa katin asibiti a ce ya karanta. Don haka darasin nan namu ne duka, ɗalibai da malamai da 'yan'uwa na cikin ikkilisiya.

A Babban Mutum da ƙauyukan ƙaramar hukumar Baure, har ƙetaren iyaka wajen Magarya, da zarar an ce wance ta sauka lafiya sai hankalin gida ya koma kan ranar suna. Maigida ya shiga neman rago, mata su shiga surfe da daka, a aika wa dangi. Wannan ba laifi ba ne. Amma kwanakin nan da ake shirin biki su ne mafi haɗari a duk rayuwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 jarirai wajen miliyan 2.3 suka mutu kafin su cika kwana 28, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan mutuwa a makon farko take faruwa. A nan Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna cewa cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda. Da yawa cikin abubuwan da ke ceton su ba su kai kuɗin ƙafar rago ba.

Ɗumi

Jariri ya yi wata tara a wuri mai ɗumi, ya kuma fito a jiƙe. Jikinsa bai iya riƙe zafi kamar na babba ba. Abin yi na farko shi ne a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a ajiye jiƙaƙƙen, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula. Wanka ya jira sai bayan awa 24. Na san wannan yana yi wa kakanninmu nauyi, domin suna ganin farin maiƙon da ke jikin jariri ƙazanta ce. Ba ƙazanta ba ce, yana kare masa fata ne. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, a yi masa wanka da rana cikin ɗaki, a gama da sauri. Kada kuma a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, amma tana kashe babba, balle jariri.

Bakwaini, da duk jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, sun fi kowa bukatar ɗumi. A shekarar 1978, a wani asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, kwalaben renon bakwaini sun yi kaɗan. Sai wani likita mai suna Edgar Rey ya sa iyaye mata su ɗaura jariran a ƙirjinsu, fata da fata, dare da rana. Daga nan dabarar ta bazu a duniya, ana kiranta renon kangaru. Mu da muka gaji goyo ba za ta yi mana wuya ba, goyo ne aka juyo da shi gaba. Uba ma yana iya karɓa in uwa ta gaji. Amma irin wannan jariri sai ma'aikacin lafiya ya fara duba shi.

Nono

A sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa. Nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, wato dakashi, shi ne wanda mutane da yawa suke tatsewa su zubar, su ce mugun nono ne. Kafin farin nono ya zo sai a riƙa ɗura wa yaro ruwan ɗumi, ko ruwan sukari, ko madarar akuya. Wannan asara ce babba. Dakashi cike yake da abubuwan da ke kare jariri daga zawo da ciwon ƙirji, yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin nan na farko. Kaɗan ne, gaskiya, amma tumbin jariri a ranar farko bai wuce girman ɗan kanya ba. Tsotson da yake yi kuma shi ne ke kiran nono ya zo. Zuma kuwa kada ta taɓa bakin yaro sai ya shekara.

Gardamar da aka fi yi a ƙasarmu ita ce ta ruwa. Za a ce, a wannan zafi na Afrilu, yaya za a hana ɗan Adam ruwa? Amsar ita ce, kusan kashi tara cikin goma na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta wanda ba a ɗebo daga rijiya ko randa ba. Ruwan da aka ba jariri yana cika masa ciki ya rage tsotso, yana kuma iya kawo masa zawo. Uwar ce za ta sha ruwa sosai ta ci ta ƙoshi, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Nono zalla har wata shida, sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare. In daga kwana na biyar yaro yana fitsari kamar sau shida a rana, yana kuma barci bayan ya sha, to nonon yana isarsa. A kwanakin farko nauyinsa yakan ɗan ragu, ya dawo cikin mako biyu.

Cibiya

A nan nake so mu daɗe. Kula da cibiya tsohon abu ne. A littafin Ezekiyel sura 16 aya 4, inda aka kwatanta Urushalima da jaririyar da aka yasar, yanke cibiya ne aka fara ambata cikin abubuwan da ba a yi mata ba. Cibiyar da aka yanke buɗaɗɗen rauni ne, kuma hanya ce da ta shiga jinin yaro kai tsaye. Duk abin da ya taɓa ta ya sami ƙofa.

Ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau, wadda wasu ke kira sarƙewar haƙora, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. A gidan da ake ɗaure awaki da jaki a tsakar gida, tana nan ko'ina. Tana shiga ta tsohuwar reza, ko zare mai datti, ko toka, ko tsumman da ake gasa cibiya da shi. Ga yadda take zuwa: yaro ya yi kwana biyu ko fiye yana tsotso lafiya, sai tsakanin kwana 3 zuwa 14 ya kasa buɗe baki, jikinsa ya sandare, ya riƙa zabura in an taɓa shi ko an yi ƙara. Sau da yawa dab da suna abin ke bayyana, shi ya sa ake ɗora laifin a kan iska, ko maita, ko bakin 'yan barka. Ba ko ɗaya. Rezar da aka yanke cibiya da ita mako guda da ya wuce ce ta jawo. Yawancin jariran da suka kamu ba sa tashi, sai dai in an kai su asibiti da gaggawa.

Rigakafinta yana farawa tun daga awon ciki. Mai ciki ta karɓi allurar aƙalla sau biyu, da tazarar mako huɗu, ta biyun kafin haihuwa da aƙalla mako biyu. Kariyar da ta samu tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke cikinta. Haihuwa a asibiti ta fi, amma in naƙuda ta riske ta a gida, ungozoma ta wanke hannu da sabulu, ta yi aiki da sabuwar reza wadda a gabanta aka ɓare, da zaren da aka tafasa.

Bayan haka akwai man cibiya na asibiti mai suna kulohezidin. Jihar Sakkwato ta fara raba shi ga masu haihuwa a gida a shekarar 2013, daga baya gwamnatin tarayya ta shigar da shi tsarinta na ƙasa baki ɗaya. Ana shafa shi a kan cibiya sau ɗaya a rana daga ranar haihuwa, kamar yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, da hannun da aka wanke. Ku lura da kyau, na cibiya ne kawai. An sami yaran da suka makance don an ɗauka maganin ido ne aka ɗiga musu. Ban da shi kada a sa komai: ba man goge baki, ba man zafi, ba gishiri, ba gashi. A bar ta a buɗe, kada ƙunzugu ya rufe ta. Za ta bushe ta faɗi da kanta, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba dole ba ne ta faɗi kafin suna, kada a ja ta.

Lokacin da ba a jira gari ya waye

Ba kowane abu ba ne ciwo. Atishawa, shaƙuwa, ɗan tumbuɗi bayan shan nono, da kumburin nonon jariri, mace ko namiji, duk suna wucewa. Kada dai a matsa nonon. Amma in yaro ya ƙi tsotso, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana fizge-fizge, ko jikinsa ya yi zafi rau ko sanyi ƙalau, ko cibiya ta yi ja tana ɗoyi ko fitar da mugunya, to a tashi a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haka nan in yana numfashi da sauri. Wannan ɗalibi ma zai iya aunawa: ka dubi agogo, ka ƙirga ɗagawar ƙirjinsa na minti guda cif lokacin da ba ya kuka. In ya kai 60, ka sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, ku kama hanya. A hanya a riƙe shi a ƙirjin uwarsa.

Shawara tana bukatar ido. A fito da jariri bakin ƙofa kowace safiya a dube shi da hasken rana, domin a ɗakin mai jego mai duhu ba a ganin komai. In idonsa ya yi rawaya tun a ranar farko, ko rawayar ta sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Shanya shi a rana ba magani ba ne. Kuma a raba kayan jariri da kafur ɗin da mata ke zubawa a akwati. Akwai yaran da jininsu ba ya jure shi, yana jawo musu shawara mai tsanani.

Kunyar ɗan fari

Al'adarmu ce yarinya ta yi kara a kan ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban manya, saurayin uba kuma yakan yi nesa da ɗakin. Kunya ado ce, ba na jayayya. Sai dai uwa ce ke fara sanin cewa tsotson yaro ya canza, kuma in kunya ta rufe mata baki har gari ya waye, an yi asarar sa'o'in da ba za su dawo ba. Iyaye mata na Zumuntar Mata, ku da kuke zuwa barka, ku tambaye ta a keɓe, yaya yake sha, yaya fitsari. Ku kuma masu gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana wata bakwai a ware kuɗin mota daban da na rago, a riƙe lambar mai mota ko mai babur, a san asibitin da ya fi kusa da wanda za a wuce in an ce a tafi Daura. A kuma faɗa wa mutanen gida a fili cewa in abu ya taso ba ka nan, kada a jira ka.

Ita ma mai jego a kula da ita. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa. Ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, a kuma sassauta kanwa. Zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, kumburin ƙafa da haki, duk na asibiti ne.

Ko da lafiya ƙalau suke, a kai uwa da ɗa a duba su a ranar farko, a kuma koma a rana ta uku, da bayan mako guda, da mako na shida. A zuwan farko ne ake yi wa jariri allurar BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta, wadda ta fi amfani in an yi ta cikin awa 24. Ba sai an jira suna ko arba'in ba. A kwantar da shi rigingine, cikin gidan sauro.

Ran suna kuma, in fasto ya gama addu'a jama'a suka cika gida, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofar ɗaki don masu son ɗaukar yaro, mai mura ya yi barka daga nesa. In za a yi aski, a sayi sabuwar reza a ba wanzami. Cire belu kuwa a bar shi. Ɗan naman nan na maƙogwaro kowa da shi aka haife shi, ba ya hana tsotso, kuma jinin da jariri ɗan kwana bakwai zai zubar in an yanke shi ya fi ƙarfinsa.