Rumfar Katako a Tsakar Gida: Daga Gindi Ake Farawa

A Touboro, abu biyu ne ke kayar da rumfa: gara da iskar farkon damina. Mai son kafa rumfar shan iska a tsakar gida sai ya shirya musu tun kafin ya kira kafinta. Lokacin aikin kuwa rani ne, bayan an karɓi kuɗin auduga, ƙasa ta bushe, itace ma ya bushe.

Fara da zaɓen dirka. Kirya da marke suna jure gara, azarar giginya kuma ta fi dacewa da ɗorawa a sama. Farin katako mai laushi da ake kawowa daga kudu ta hanyar Ngaoundéré, wanda 'yan katako ke kira ayus, yana da araha da daɗin aiki, amma kada ka yarda a binne shi. Gara za ta cinye cikinsa ta bar maka ɓawo, ka danna da yatsa ya lotsa. Kuma ka saya wurin mai takardar gandun daji, kada ka tura yara daji da gatari.

Ramin kowace dirka ya kai santimita 60, a zuba tsakuwa a ƙasansa don ruwa ya tsiyaye. A shafe gindin da maganin gara, ya sha sosai. Abin da na fi so shi ne a zuba kankare, a dasa ƙarfe mai baki biyu a ciki, a ɗaure dirkar da noti ta tsaya kamar yatsa huɗu sama da ƙasa. Ruwan sama a yankin Mayo-Rey, inda Touboro take, ya fi na Garoua yawa, itacen da ya kwana cikin laima kuwa daga gindi yake ruɓewa. Bayan haka, idan gara ta fara gina hanyarta ta jar ƙasa a jikin ƙarfen, za ka gani ka kankare.

Kada tazarar dirkoki ta wuce mita 3, in ba haka ba azara za ta yi ciki. Don kusurwa ta daidaita, auna mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan. Idan tsakaninsu ya ba da 5, ta yi. Tsawon dirkoki kuma a daidaita shi da siririn tiyo mai ruwa irin na magina.

Ƙusa kaɗai ba ta riƙe rumfa idan hadari ya taso daga gabas. A sa noti a mahaɗa, a kuma buga gajeren katako a karkace tsakanin kowace dirka da azara. Sandunan sama a jera su kudu da arewa, a tsaye bisa gefensu, su tare ranar hantsi da ta la'asar. Ta tsaka kuwa sai zana, a ɗaure ta da waya yadda za a iya kwancewa idan ta tsufa. In uwargida na son ganye, a shuka soso ko kabewa a gindin dirka ɗaya, kafin tsakiyar damina sun rufe saman.