Bishiyar Inuwa a Tsakar Gida: Shuka da Raino



Darasinmu na wannan fitowa magana ce kan bishiyar inuwa: wadda za a zaɓa, inda za a sa ta, da yadda za a raine ta har ta kama ƙasa. Duk wadda ke zaune a Kakuri, Makera, Nasarawa ko Barnawa ta san abin da watannin Maris da Afrilu suke yi mana. Kwano ya ɗauki zafi, tsakar gida an malale ta da siminti, wutar lantarki kuma ba tabbas. Maigida dai ya fita, ko a majalisa ya samu inuwa. Ke ce da yara da tsofaffi za ku wuni a ciki, ga ƙurajen zafi, ga rashin barci.

Unguwannin nan na ƙetaren kogi sun cika ne da ma'aikatan masaƙu tun bayan buɗe masaƙar KTL a 1957. Aka yi ta gina ɗakunan haya, duk inda aka ga fili sai a ɗora bulo. Masaƙar ta tsaya a 2002, gidajen suna nan, da yawansu ko bishiya ɗaya babu.

Ga Musulma kuwa abin ya wuce neman sanyi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) hadisin da ke nuna cewa Musulmin da ya yi dashe, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Ke nan matar da ba ta da kuɗin haƙa rijiya tana iya samun ladan da ke gudana da ɗan tsiron da ta raina. Sai dai a lura, ladan yana tare da bishiyar da ta rayu. Kowace damina ana rabon tsirrai ana ɗaukar hoto, zuwa watan Fabrairu sai ka ga sanduna ne kawai a tsaye. Shuka aikin yini ɗaya ne. Raino shi ne na shekara biyu, kuma wannan a hannunmu yake, mu da muke gida.

Mu fara da zaɓi. Darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, asalinta daga yankin Indiya take, an kawo ta Borno a 1928. Tana jure fari, tana girma da wuri, kuma a lokacin da ake tsananin bukatar inuwa tana da ganye. Hajiyoyinmu sun gan ta a filin Arfa, inda aka dasa dubbai don alhazai. Mangwaro ya fi ta duhun inuwa, ga 'ya'ya. In za ki saya, nemi mai aure, domin yakan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4 kuma bai cika yin girman na ƙwallo ba. Maɗaci bishiyar bakin titi ce ko filin makaranta, ya fi ƙarfin tsakar gida. Ceɗiya, durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana bin ruwa duk inda yake, ta shiga masai, ta fasa kwata, ta ɗaga daɓe. Waɗannan a bar su ga dandali da ƙofar masallaci. Turare kuma ni ban ba da shawararsa a gida ba: inuwarsa ba ta taka kara ta karya ba, yana shan ruwa, reshensa kan karye a iskar farkon damina. Mai ƙaramin gida ta tsaya ga gwaiba ko lemo, su ma suna ba da wurin shimfiɗa tabarma.

Sai wuri, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Tsiro a leda bai wuce tsawon hannu ba, sai a manna shi jikin katanga don kada ya tare hanya. Bayan shekara goma katanga ta tsage, maƙwabci ya kawo ƙara wajen mai unguwa, a ƙarshe a kira mai gatari. Ki bar aƙalla mita 6 tsakanin darbejiya da gini ko ramin masai, mangwaro kuwa mita 8 ko fiye. Ki ɗaga kai ki duba wayar wuta. In da hali, a sa ta yamma da ɗaki, domin ranar la'asar ita ce ke gasa bango har dare ya raba bai huce ba. Addininmu ya hana cutar da maƙwabci, kuma bishiyar da saiwarta ke cin ginin wani, ko reshenta ke zubar da ganye a kan kwanonsa, ta shiga wannan babi. Ki yi shawara da maigida, shi kuma ya yi da maƙwabci. Idan haya kuke, a nemi iznin mai gidan tukuna. Na san wata za ta ce, to in mun tashi fa? Wanda ya zo bayanku ya sha inuwar, ladan kuma bai san kun tashi ba.

Lokacin dashe a Kaduna shi ne Yuni zuwa Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna, don tsiron ya samu sauran damina har Oktoba. Ana samun tsirrai wajen masu sayar da furanni a bakin titi, akwai kuma kwalejin gandun daji ta tarayya a Afaka ga mai neman shawarar masana. A haƙa rami mai faɗi da zurfin kamar ƙafa biyu, a cire ɓaraguzan siminti da ledoji, a gauraya ƙasar sama da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A yanke ledar a cire ta, kada a binne da ita, kuma kada a nutsar da tsiron fiye da yadda yake a ledar. A danne ƙasa, a yi masa ɗan kwari kewaye kamar faranti, a ba shi ruwa.

Yanzu ga inda maganar take. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ba ruwan sama, kuma a nan ne tsiro ke mutuwa. Za ki ce ruwan sha ma sayensa muke yi a wajen 'yan garuwa, ina na bishiya? 'Yar uwa, ruwan bishiyarki yana cikin wanda kike zubarwa a kwata kullum. Ajiye roba a wurin alwala, kowa ya yi a kanta, sau biyar a yini. Haɗa da ruwan wankin shinkafa, na ganye, da ɗaurayar ƙarshe ta kwanuka. Bokiti ɗaya cike, sau biyu ko uku a mako, da yamma, ya fi yayyafin kullum, domin ruwan da ya nutse shi ke jan saiwa zuwa ƙasa. Wanda ba a so shi ne mai gishiri, mai maiƙo, mai bilic ko kumfar omo mai yawa. Ki rufe gindin da busasshen ganye don laima ta daɗe, amma kada ya taɓa jikin itacen, saboda gara. In kin ga ta fara gini a jiki, kankare ki barbaɗa toka. Awaki kuma ba sa jin magana, sai kewaye: tsohon kwando, ƙaya, ko bulo da aka jera da ƙofofin iska. Ni a ajina nakan ce a ba yaro ɗaya amanar bokitin, a kira bishiyar da sunansa. Za ki sha mamakin yadda zai tsare ta. Bayan rani biyu, darbejiya ba ta ƙara neman ruwanki.

Akwai abubuwan da ke hana mata shuka, gara a faɗe su. Na farko sauro. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a kwata da tsohuwar taya da gwangwani. Yakan fake a duhuwa, gaskiya ne, maganin wannan shi ne rage rassan ƙasa iska ta ratsa. Maciji tarin itace da ciyawa yake bi, gindin da ake sharewa kullum ba wurinsa ba ne. Sai batun cewa tsamiya ko kuka gidan iskoki ne, har a hana yara zama ƙarƙashinsu. Wannan ba shi da madogara a karatunmu, kuma ba dalilin sare itace ba ne. Abin da ya tabbata a Sahihu Muslim shi ne hani ga yin bayan gida a inuwar da mutane ke hutawa, don haka a koya wa yara wannan tun suna ƙanana. Ina ƙara jan kunne kan abu ɗaya: kada a ɗura wa jariri man darbejiya da sunan magani, likitoci sun tabbatar yana iya jawo amai da jijjiga har ya kai ga rasa rai.

Sassabe a yi shi kafin iskar farkon damina. A cire busassun rassa da waɗanda suka hau kwano, da zarto mai kaifi, dab da inda reshen ya fito amma ba a yanki jikin uwar ba. Masu ɓawon magani kuma kada a bar su su kewaye gindin da sara, domin bishiyar da aka ɓare ta zagaye ba ta tashi. Reshen da ya kusanci wayar wuta, kada a tura yaro ya hau, a kira ma'aikatan wuta su ɗauke ta tukuna.