DARASI: MASAUKIN MAI NEMAN MAFAKA KAFIN ALƘALI YA YANKE HUKUNCI

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu ya shafi mutumin da ya gudu daga ƙasarsa ya nemi mafaka, hukuma ta ƙi shi, shi kuma ya ɗaukaka ƙara. Ina zai kwana kafin shari'a ta ƙare?

Bari mu ɗauki misalin Faransa, inda wasu ƴaƴanmu ke zuwa. Hukumar OFPRA, wadda aka kafa a 1952, ita ke fara sauraren mai neman mafaka. Idan ta ƙi shi, yana da wata 1 ya kai ƙara kotun CNDA. Asalin ƙa'ida shi ne muddin ƙarar tana gaban alƙali, yana nan a masaukin da gwamnati ta ba shi, yana karɓar ɗan kuɗin abinci. A 2018 kuɗin nan ya kama yuro 6,80 a yini ga mutum guda, wato kamar sefa 4.460. Idan kotu ta ƙi shi daga ƙarshe, ana ba shi wata 1 ya bar ɗakin.

Amma dokar 10 ga Satumba 2018 ta janye wannan kariya daga wasu, musamman ƴan ƙasashen da Faransa ta lissafa cikin masu zaman lafiya: izinin zamansu na iya ƙarewa tun kotu ba ta yi magana ba. Senegal da Gana da Benin suna cikin lissafin har zuwa 2021, lokacin da aka cire su.

Me ya sa masauki ke da nauyi haka? Domin hukuncin farko yana iya zama kuskure: a 2022 da 2023, kusan ƙara 1 cikin 5 da kotun ta yanke ta ƙare da ba mai ƙara mafaka. Wanda ke kwana a titi kuwa takardunsa na lalacewa, ganin lauya na yi masa wuya, ya iso gaban alƙali a gajiye. Hana shi makwanci tamkar yanke masa hukunci ne tun ba a saurare shi ba.

Tarihinmu ya san wannan mas'ala. A hijirar Habasha, wadda ta fara a shekara ta 5 bayan aiko Manzo (SAW), Ƙuraishawa sun aiki Amru ɗan Asi ya dawo da sahabbai. Fadawan Najjashi suka goyi bayan a miƙa su. Sarki ya ƙi, sai ya ji ta bakinsu. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi bayani, aka bar su cikin aminci. Haka kuma da Manzo (SAW) ya dawo daga Ɗa'ifa, mutum 2 suka ƙi ba shi kariyar shiga Makka, na ukun, Muɗ'imu ɗan Adiyyu, ya karɓe shi alhali bai musulunta ba. Aya ta 6 ta Suratut Tauba kuma ta umarci a ba mushiriki mafaka idan ya nema, sannan a isar da shi inda zai amintu.

Mu ma a Nijar muna da dokar ƴan gudun hijira ta 20 ga Yuni 1997, muna da masu jiran amsa a Yamai da Agadas. Mutanen Gidan Rumji sun buɗe gidajensu a 2019 ga dubban da suka tsero daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ba su tsaya neman takarda ba.

Abin da ya hau kanmu guda 3 ne. Na farko, kada mu kira wanda aka ƙi maƙaryaci tun shari'arsa ba ta ƙare ba. Na biyu, kwamitin kowane masallaci ya san baƙin unguwarsa. Matafiyi Musulmi da guzurinsa ya yanke yana da rabo cikin zakka, sadaka kuwa tana isa ga kowa. Na uku, mu shaida wa ƴan'uwanmu na ƙetare cewa kada su bari wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce su.

Allah ya ba baƙo masauki, ya ba mai masauki lada.