Tsagewar Dubura: Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

'Yan'uwa, a nan Sandamu da mun ga jini a bayan gida sai mu ce basir ne. Sau da yawa fatar bakin dubura ce ta tsage saboda bayan gida mai tauri da yawan yunƙuri. Alamarsa zafi kamar yankan reza, da ɗan jan jini. Tsoron zafin yakan sa mutum ya riƙe bayan gida, ya ƙara tauri, ciwon ya sake buɗewa.

Mu yawaita shan ruwa, musamman da bazara, mu ci wake, zogale da miyar kuɓewa. Bayan mun zaga, mu zauna cikin ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15. Kada a bar wanzami ya yanka! In ya wuce mako 6, ko jinin baƙi ne, a tafi asibiti a Daura.