Haƙurin Iyaye A Kan Rasuwar 'Ya Mace

A ƙasar Kazaure, da Roni, da Gwiwa, har zuwa Babura, ba a rasa gidan da aka kai 'ya ɗakin miji da guɗa, bayan 'yan shekaru aka aiko wa iyayenta cewa ta cika, sau da yawa wajen haihuwa. Uba yakan haɗiye hawayensa don kada a ce ba shi da tawakkali, uwa kuwa kunyar 'yar fari takan hana ta ko ambaton sunan. Shari'a ba ta ɗora musu wannan nauyi ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa 'ya'yansa mata uku yana raye, dukansu matan aure. Rukayya, matar Usmanu ɗan Affan, ta rasu a shekara ta 2 bayan Hijira, Annabi yana Badar. Usmanu ya zauna jinyarta, sa'an nan albishirin nasara ya iso Madina ana binne ta. Zainab ta rasu a shekara ta 8. Annabi da kansa ya umarci Ummu Aɗiyya da sauran mata su wanke ta da ruwa da magarya, su sa kafur a wankin ƙarshe, ya kuma ba su gyautonsa a naɗe ta da shi. Ummu Kulsum ta bi ta a shekara ta 9. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa ya ga Annabi zaune a bakin kabarin 'yarsa, idanunsa suna zubar da hawaye. Faɗimatu kaɗai ta rage, ita ma wata shida ta yi a bayansa.

To, ashe hawaye ba rashin haƙuri ba ne, rahama ce wadda Allah ya sanya a zukatan bayinsa. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin kumatu, da yage tufafi, da maganar da za ta nuna ƙin hukuncin Allah. Suratul Baƙara, aya ta 155 zuwa ta 157, ta yi wa masu haƙuri da istirja'i bushara da rahamar Ubangijinsu. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an lissafa matar da ta rasu da ciki a cikin shahidai. Makoki kwana uku ne ga kowa, in banda matar da mijinta ya mutu, wadda takabarta wata huɗu ne da kwana goma. Maƙwabta ne ya kamata su kai abinci gidan mutuwa, kamar yadda Annabi ya yi umarni a yi wa iyalin Ja'afar.

Tunawa da mamaciya kuwa ta fi kyau ta hanya uku. Ta farko, addu'a da sadaka mai gudana, kamar haƙa rijiya ko dasa itace. Ta biyu, riƙon 'ya'yan da ta bari. Annabi yakan ɗauki Umama 'yar Zainab yana salla, in zai yi sujada ya ajiye ta. A mazhabar Malikiyya, in uwa ta rasu, kaka ta wajen uwa ita ce kan gaba wajen reno.

Ta uku, tsare dukiyarta. Nan ne baƙin ciki yakan kai iyaye ga kuskure, su aika a kwaso kayan ɗaki tun ba a tashi daga makoki ba. Sadakinta da duk abin da aka ba ta ta mallaka gado ne. Sai an biya bashi da wasiyya, sa'an nan, in ta bar ɗa namiji, uba ya sami sudusi, uwa sudusi, miji rubu'i, saura na 'ya'yanta, kamar yadda Suratun Nisa'i ta bayyana a aya ta 11 da ta 12. Wanda ya ɗauki abin da ya wuce rabonsa, haƙƙin jikansa ya ci.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sanyaya zukatan iyayensu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, amin.