Yadda Za a Tsawaita Ran Dogon Cikin Gari

Jirgin ƙasa na cikin gari akwai shi da cin ƙarfe. Tashoshinsa kusa da juna suke, kullum yana cikin taka birki da tashi, ga kwanoni masu tsanani saboda an ratsa da layin tsakanin gine-gine. Tunda Legas ta buɗe layin Marina zuwa Mile 2 a 2023, Abuja kuma ta farfaɗo da nata a 2024, masu kula da su na da jan aiki a gaba.

A fara da kwana, don nan ne leɓen ƙafar jirgi ke gugar gefen dogon da ke waje. A kafa na'urar shafa giris kafin shiga kwanar. Amma a kula: gefen dogo ake shafa wa, ba samansa ba. In giris ya hau sama, ƙafa za ta yi santsi, birki ya ƙi ci. Lokacin hunturu kuwa a yawaita share tsohon giris, domin in ya cakuɗe da ƙura sai ya koma kamar sanfefa, ya ci ƙarfen da aka sa shi ya kare.

Abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne gurzar dogo. Nauyin da ke bi ta wuri guda dare da rana yana haifar da 'yan ƙananan tsagogi a saman ƙarfen. In an kankare da inji tun suna sama-sama, shi ke nan. In an bar su, sai su nutsa ciki, inda ido ba ya gani, sai da na'ura irin wadda ke aika sauti cikin ƙarfe ake gano su. Irin wannan sakaci ne ya tarwatsa dogo a Hatfield ta Ingila a watan Oktoban 2000, mutum 4 suka rasu. A ganina, hukumar da ba ta da jadawalin gurza ba ta fara kula da dogo ba.

Sai ruwa. Kafin damina a yashe magudanai, a kwashe sharar da mutanen unguwa ke jibgawa, don in ruwa ya kwanta tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo takan cuɗe da laka, dogon ya lotsa.

Kada kuma a manta da ƙafafun jirgin. Wadda birki ya shafe wa gefe guda tana dukan dogo duk juyi ɗaya. Da an ji tana ƙwanƙwasa, a kai taragon gareji a daidaita ta.