Waken da Aka Sauya wa Ƙwayar Halitta: Ina Za a Manna Shaida?

MINNA: A shekarar 2019 Nijeriya ta amince da noman wake samfurin SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samar. An sanya masa ƙwayar halittar wata bakteriya da ke cikin ƙasa domin ya kashe tsutsar Maruka mai cinye fure da kwanso, ta yadda manomi zai rage feshi. Masu suka kuwa na cewa ba a gama sanin tasirinsa ga lafiya da irin gargajiya ba.

Dokar 2015 da ta kafa hukumar NBMA ta tanadi a sanya shaida a jikin irin wannan abinci. To, amma a Kasuwar Kure ta Minna da mudu ake auna wake, bayan dillali ya cakuɗa na manoma barkatai a buhu guda. Shaida ba ta da wurin zama.

Abin ya fi shafar mai fitar da amfanin gona waje. Tarayyar Turai na wajabta rubuta shaida muddin irin da aka sauya ya haura kashi 0.9 cikin 100 na kayan. Saboda haka ɗan kasuwar da bai ware buhunansa tun daga gona ba, bai kuma ajiye rasit na iri ba, ba shi da hujjar da zai nuna wa mai saye.